Shekarar da Muka Sayi Inji Mai Zobe

Babangida da Hadiza, wannan babin naku ne ku biyu. Na ji abin da kowannenku yake faɗa a kan mahaifiyarku game da bindigogina, kuma dukanku kun yi kuskure. Kai Babangida kana cewa ita ta raba ni da harbi, kuma tun da ta raba ni da shi na fara lalacewa. Ke Hadiza kina cewa ta ga alama tun da wuri ta yi shiru, har na kusa hallaka kaina. A kicin kuke faɗa, da Turanci, kuna zaton kunnena ma ya tafi. Kunnena lafiyarsa lau. Zan faɗi yadda abin ya faru daki-daki, na farko kafin na biyu, kuma ba na son kowa ya tsallake.

Mahaifina, wanda kai Babangida ka ci sunansa, maharbi ne a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ban gaji gona daga gare shi ba, ban gaji shanu ba, ƙa'ida ɗaya na gada. Idan ya zauna ɗuri, ba ya magana, ba ya amsa sallama. In har wani ya matsa masa ya buɗe baki, to sai ya kifar da bindigar ya zazzage abin da ya zuba, ya fara daga farko. Na taɓa tambayarsa dalili, ina yaro, don na ga asarar albarushi ce.

Ya ce, “Wanda ya yi magana ya bar wurin. In ya dawo, bai san inda ya tsaya ba, zato kawai yake yi. Bindiga kuwa ba ta karɓar zato.”

Da wannan na zo London. Karatuna bai yi nisa ba, hannuna ne ya ciyar da ku. Na yi aikin kanikanci a garejin bas har na yi ritaya, kuma ko a can an san ni da cewa ba a yi mini hira in ina ɗaure birki. A garejin ne na haɗu da Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, wanda daga baya ya koma tuƙin taksi. Shi ya kai ni kulob ɗin harbi da ke can cikin Kent, inda ake harbin takarda, ba dabba ba. Ranar da na fara jin warin albarushi a wurin, bayan shekaru masu yawa, sai da na nemi benci na zauna. Na yi zaman gwaji a kulob, 'yan sanda suka zo gidanmu na Thamesmead suka duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango, likita ya sa hannu, aka ba ni lasisi. A masallaci an yi ta surutu. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce Musulmi da bindiga a garin nan, kuma da sunan Muhammadu, ai neman magana ne. Na ce masa takardata ta fi fasfo ɗinsa tsabta. Bai ƙara yi mini zancen ba.

Harsashin kanti yana da tsada, saboda haka yawancin mutanen kulob su suke sake ɗura nasu. Dole in bayyana muku aikin, domin kun girma kuna jin ƙarar inji daga shed, ɗan ɗakin katakon nan da ke bayan gidanmu, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya duba. Bayan an yi harbi, kwanson tagulla yana saura. Shi ake tsincewa, a wanke, a mai da shi sabo. Injin ƙarfe ne da aka ɗaure a tebur, yana da hannu da ake ja ƙasa, a samansa kuma akwai rami inda ake ɗaura wani guntun ƙarfe mai kama da bututu. Mutanen kulob suna ce masa die, ni mazubi nake ce masa. Uku ne. Na farko yana matse kwanso ya koma girmansa. Na biyu yana ɗan buɗe bakinsa. Daga nan a sa maɓallin wuta a gindi, a auna albarushi a sikeli a zuba. Na uku shi ke zaunar da harsashi a kai. A tsohon injina kowane mazubi murɗa shi ake yi kamar noti, kuma duk lokacin da ka cire ɗaya ka sa wani, sai ka sake saita zurfinsa da hannu. Ka murɗa har ya taɓa, ka ɗan koma baya, ka gwada, ka ƙara. Wasu suna ƙin wannan, suna cewa ɓata lokaci ne. Ni a nan nake jin daɗin aikin. Kowace Asabar bayan azahar ina shiga shed in rufe ƙofa, kuma mahaifiyarku ta san ko gobara ce sai dai ta buga ƙofar ta jira.

Yanzu shekarar da nake nufi. Abin bai fara a shed ba, a kan sallaya ya fara. Tun da na yi ritaya ni nake jan mahaifiyarku sallar la'asar a falo. Wata rana na miƙe zan kawo raka'a ta biyar, sai na ji ta tafa hannu a bayana. Na zauna, muka sallame, na yi ba'adi. Kowa yana mantuwa a salla. Amma abin ya sake faruwa a satin, ya kuma sake, har na wayi gari ina salla rabin hankalina yana bayana, ina jiran tafinta. Ba ta taɓa ce mini komai ba bayan sallama. Sai ta naɗe sallayarta ta tambaye ni ko zan sha shayi.

Daga nan ya bi ni shed. Wata Asabar na ɗauki mazubi na uku na murɗa shi har ya taɓa, sai na tsaya. Hannuna yana kan ƙarfen, amma bai san gaba zai yi ko baya ba. Aikin da na yi shekara da shekaru ido rufe. Na cire, na sake sawa, na lalata kwanso huɗu ko biyar, kowanne ya lanƙwashe a baki. A ƙarshe ya dawo mini, na gama aikin, amma na fito bayan magariba ta wuce. Asabar ta gaba ban iya ba sam. Na zauna a kan kujera ina kallon injin har lokacin fita ya yi, don kada ta ga na fito da wuri. A cikin waɗannan makonnin ne kuma hannun tsohon injin ya tsage a gindinsa. Dama na hannu na saye shi. Da na ga tsagar, wallahi abin da na fara ji sauƙi ne, na samu abin da zan ɗora wa laifi.

Alhaji Issaka ya ce zai kai ni kantin da muke sayen kaya a Kent. Na fito da safe na tarar da mahaifiyarku ta riga ni shiga mota, da mayafinta da jakarta. Tunda nake harkar nan ba ta taɓa taka kantin bindiga ba. Ta ce tana son shan iska ne.

Alhaji ya dube ta a madubi ya ce da irin Hausarsu, “Malam, yau Hajiya ya zo ya ga inda kuɗin cefane yana tafiya. Ka shiga uku.”

Mai kantin, wani tsohon Bature mai haƙuri, ya jera mana inji iri uku a kan kanta. Na farko irin nawa ne sak, mai murɗi, sai dai sabo. Na biyu ƙato ne mai faranti da ke juyawa, ja ɗaya yana yin duk ayyukan a lokaci guda, harsashi yana faɗowa a kwano kamar ana ɓarar gyaɗa. Shi Alhaji ya rungume, ya ce in na saya zai riƙa zuwa aro. Mai kantin da kansa ya ce wannan na wanda idonsa zai iya kallon wuri huɗu a lokaci ɗaya ne, in ka yi kuskure a kansa ba ɗaya za ka ɓata ba, kwano guda za ka ɓata. Na kawar da shi. Na uku ya yi kama da nawa, aiki ɗaya a ja ɗaya, amma kowane mazubi yana da zobensa na ƙarfe. Sau ɗaya ake saita shi a cikin zoben a ɗaure. Daga ranar, ɗora shi kawai za ka yi ka ɗan juya, ya ce ƙas, ya zauna daidai inda ya zauna jiya. Na ce ba na so. Na ce wannan na ragwaye ne, a ba ni irin nawa. Har mai kantin ya juya zai ɗauko kwali, sai mahaifiyarku ta sa yatsa a kan zoben ta tambaye shi da Turancinta ko wannan in an saita shi sau ɗaya, ba sai mutum ya riƙa tuna komai ba. Ya ce haka ne, ƙarfen ne zai tuna. Ta ce kuma zai iya saita duka ukun yau, a gabanmu? Ya ce zai iya.

Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba. A nan na gane cewa kwanson da na lanƙwasa na zuba a bola ta gan su, kuma zaman da nake yi shiru a shed babu ƙarar inji ta ji shi. Alhaji ya ja bakinsa ya tafi kallon jakunkuna. Na ce wa mai kantin ya saita.

Ina so ku fahimci abin da muka saya, domin duk rigimarku a kansa take. Tsohon injin tamkar ƙofa ne mai mukulli. Ranar da kaina bai da kyau, ba zan iya saita mazubi ba, kuma in ban saita ba babu harsashin da zai fito. Shi da kansa yake tsayar da ni. Sabon ya cire mukullin. Ko kaina yana nan ko ba ya nan, hannu zai ɗora, zobe zai ce ƙas, aiki zai tafi. Ni na san haka a kantin, ita ma ta sani. Da muka dawo gida Alhaji ya tafi, ta zauna a gefen gado tana cire ɗan kunne, ta yi maganar da ba mu taɓa yi ba.

Ta ce, “Malam, ban ce ka bari ba. In na ce ka bari, me za ka yi ranar Asabar? Amma albarushi ba zai shiga kwanso ba sai ina wurin.”

Na ce mata ai ta san ba a magana a wurin ɗuri.

Ta ce, “A salla ma ba a magana, amma ina bayanka.”

Na ba ta alkawari. Washegari ta shiga bas ta tafi kasuwar Lewisham ta sayo 'yar tocila mai siririn haske. Ga yadda muka tsara. Ni zan yi mazubi na farko da na biyu ni kaɗai. In na zo kan albarushi sai in buɗe ƙofa, ta shigo ta zauna a kan bokitin fenti. In auna, in zuba, in jera kwanson a kan katako mai ramuka. Ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, ta leƙa cikin kowanne. Kalma ɗaya na yarda ta faɗa: akwai. In ta ga wanda ya fi 'yan'uwansa cika ko ya gaza, sai ta tafa hannu, in zazzage layin duka in sake. Haka muka yi tun daga sanyi har rani ya shigo ya fita. Ke Hadiza, wannan shi ne shirun da kike cewa ta yi. Mace mai ciwon gwiwa, a kan bokiti, cikin sanyin shed, tana leƙa ramin tagulla. A watannin nan na yi harbi mai kyau, har na zo na biyu a gasar tsofaffi ta kulob. Ba zan ɓoye ba, na fara zaton abin ya tsaya.

Sai aka kira ta aikin gwiwa a asibitin Camberwell. An daɗe ana ɗaga mata aikin, wannan karon ya tabbata. Aka kwantar da ita, ke Hadiza kika ɗauki hutu kika zauna da ita, ni kuma aka ce in je gida in huta, za a kira ni. Ranar Asabar ce. Abin da zan faɗa yanzu ba daga kaina na samo shi ba, domin babu shi a kaina. Na tuna na yi azahar. Na tuna na yi la'asar. Tsakaninsu babu komai, kamar an yage shafi. Ke kika gaya mini daga baya cewa kin kira ni kika ce an fito da ita lafiya, na yi hamdala, kika tambaye ni ina nake, na ce ina shed ina aiki. Ba ki san da alkawarin ba, saboda haka ba ki ga komai a maganar ba, kuma ban ce laifinki ba ne. Ina faɗa ne don ki san cewa ɗan maharbin Falgore ya amsa waya a tsakiyar ɗuri, ya ajiye, ya ci gaba, bai zazzage ba. Da tsohon injin ne, da a mazubi na farko zan maƙale. Zobe bai tambaye ni komai ba.

Ranar Lahadi da safe na ga akwatin harsashi cike a kan tebur. Na ɗauka na makon jiya ne, wanda muka yi tare da ita. Alhaji ya zo ya ɗauke ni, da niyyar daga kulob mu wuce asibiti. Na tsaya a layina, shi yana damana. Na harba na farko, na biyu, lafiya. Na ja kunama a na gaba, sai bindigar ta yi wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen kwanson gyaɗa, ba ta ko motsa kafaɗata ba. Duk wanda ya yi wata guda a kulob ya san ma'anar wannan. Babu albarushi a ciki, maɓallin wuta ne kaɗai ya tura harsashin, ya shiga bututu ya maƙale. In ka sa wani a bayansa ka harba, bututun ne zai fashe a gaban fuskarka, da ta wanda ke kusa da kai. Ni na koya wa sababbin shiga wannan da bakina. Amma hannuna ya buɗe bindigar, ya sa wani harsashi, na mai da kumatuna kanta. Alhaji ya yar da tasa a kan tebur ya damƙe wuyan hannuna da hannu biyu. Mai kula da fili ya tsayar da kowa. Aka zura sanda a bututun, harsashin ya faɗo a kan tebur a gaban mutane.

A mota Alhaji bai tayar da inji ba. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Babu wasa a muryarsa.

Ya ce, “Malam, kai ba ka ji ba ne?”

Na ce, “Na ji, Alhaji. Ban san abin da na ji ba.”

Maimakon asibiti, gida muka fara zuwa. Muka kwance sauran harsashin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Da yawa lafiyarsu ƙalau. Wasu babu komai a ciki. Ɗaya kuma an zuba masa sau biyu. Alhaji ya riƙe wannan a tafin hannunsa yana kallo, sai ya fita bayan shed, na ji yana fyace hanci.

Da yamma na shiga wurinta. Ke Hadiza kin sauka sayen abinci. Tana kwance, ƙafar a naɗe, magani bai gama sakinta ba. Na ja kujera na faɗa mata duka, a jere, ban rage ba. Ba ta ce ina alkawari ba. Ta san wanda ya yi alkawarin ba shi ne ya shiga shed ba. Ta fara tambaya ko Alhaji lafiya, na ce lafiya. 

Ta ce, “Ni zan kira su, ko kai?”

Na ce, “Ni.”

Kai Babangida, ka karanta wannan sau biyu. Ni na kira ofishin 'yan sanda masu kula da lasisi ranar Litinin, da wayata, a tsaye a falo. Jami'in da ya zo mutumin kirki ne, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Bindigogin suka koma kantin Kent aka sayar, albarushin da maɓallan wuta suka bi su. Takardar da na yi alfahari da ita a masallaci, na miƙa wa jami'in. Ya dubi injin ya ce wannan ba ya bukatar lasisi, ƙarfe ne kawai, in ina so in riƙe. Bayan wata biyu likita a Camberwell ya ba ciwon suna, ya nuna mana hoton kaina, ya ce akwai maganin da ke rage masa gudu amma babu mai juya shi. Saboda haka ba barin harbi ne ya lalata ni ba. Lalacewar ce ta riga zuwa, ta bi ni salla, ta bi ni shed, ta karɓi abin da ta zo karɓa, kuma ba ta gama ba.

In kuna son ku ce da mun sayi irin tsohon injin da na tsaya tun da wuri, babu wanda zai shiga haɗari, gaskiya ne. Na auna wannan sau da yawa. Da na rasa watannin nan, da ita kuma ba ta ɗauki nauyin da kuke ɗora mata ba. Ta sayo mini su ne da sani, ta biya da gwiwarta, yanzu kuma tana biya da bakinku. Ban san ko cinikin ya yi kyau ba. Na dai san ba a kicin za a yanke hukuncinsa ba, kuma ba ku za ku yanke ba.

Injin yana nan. Na daina jan salla, ita ma ta daina tafa mini hannu, kowa yana yin tasa, tawa kuma Allah ne ya san adadinta. Amma ranar Asabar bayan azahar ina shiga shed. Akwai tsohon kwanso cikin gwangwani, wanda aka matse har ya gaji. Ina ɗora mazubi na farko, ya ce ƙas, in bi su duka. In ɗora na biyu, in bi su duka. Sai in jera su a kan katako in buɗe ƙofa. Tana shigowa da sandarta da tocilarta, Alhaji ya kawo mata kujera mai kyau a madadin bokitin. Tana leƙa kowanne kamar da, ba ta tsallake ko ɗaya, sai dai kalmar ta canza, yanzu babu take cewa. Ta ce mini akwai ranakun da nake tsayar da ita a tsakiyar layi in tambaye ta ina albarushin, wa ya ɗauka. Sai ta kashe tocilar ta ba ni labarin nan tun daga farko, da kantin, da zoben, da hannun Alhaji a kan nawa, ni kuma in ji shi sabo, in ji zafinsa sabo. Na tambaye ta sau nawa ta ba ni. Ta ce ba ta ƙirgawa. Ta kunna tocilar ta koma kwanson farko, domin an yi magana, kuma ta san ƙa'ida.